Wai Waɗannan Ne "Masoya na Gaskiya"?

An sake tono bidiyon nan na 'yan kallo biyu da suka kama ɗan wasan besbol Mookie Betts ana yawo da shi, har wani ya ɗora a kai wai "ga masoyan Yankees na gaskiya." Na gaskiya a gidan wa? Ƙarti biyu sun danƙe mutum yana tsakiyar aikinsa, ɗaya ya riƙe safar hannunsa da hannu bibbiyu yana ɓanɓare ƙwallo da ƙarfin tsiya, ɗayan ya cafke masa tsintsiyar ɗaya hannun, shi ne za a ce mana ƙauna ce? Wannan cin zali ne, kuma ko sau nawa za a tambaye ni amsata ke nan.

Ku da muke kwana kallon besbol kun san zancen. Wasa na huɗu na World Series ta 2024, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin besbol na Amurka, tsakanin New York Yankees da Los Angeles Dodgers, a Yankee Stadium, tun zagayen farko. Gleyber Torres na Yankees ya daki ƙwallo ta yi gefen dama, Mookie Betts na Dodgers ya bi ta har jikin katanga, ya yi tsalle ya cafe. Ƙwallo ta riga ta shiga hannu, magana ta ƙare. Sai ga waɗannan bayin Allah sun rufar masa. Alƙalin wasa bai ɓata lokaci ba ya ce Torres ya fita, aka tasa ƙeyarsu waje. To me suka ƙara wa ƙungiyarsu? Ko ƙwayar zarra.

Abin da ya fi ba ni haushi, wanda masu tafa musu ba sa faɗa: hannun hagun Betts da suke murɗawa shi ne wanda ya karye a watan Yuni na shekarar, lokacin da aka jefe shi da ƙwallo a wasansu da Kansas City. Kusan wata biyu Betts ya yi a zaune. Ƙafarsa ba ta gama sauka ƙasa ba, hannu a maƙale saman katanga, wani yana ja. Da ƙashin ya sake tsagewa fa? Da yanzu waɗanda ke dariya su ne za su fara rubuta "Allah ya kiyaye gaba."

Na san me za ku ce. "Ai kishin kulob ne." Madalla. Gobe in mai gyaran mota yana ƙarƙashin motar maƙwabcinka, sai ka je ka zare jak ɗin don kana kishin garejin unguwarku. Wasu kuma sun ce ai an saba a New York, su tuno min 1996 da yaron nan ɗan shekara 12 ya miƙa hannu ya kwaso ƙwallon da Derek Jeter na Yankees ya daka a wasa da Baltimore, aka lissafa ta a matsayin ta tsallake katanga. Haba jama'a! Yaro ne, kuma ƙwallo ya kai wa hannu, bai taɓa jikin kowa ba. Mutumin Chicago na 2003 ma, da aka ɗora masa faɗuwar ƙungiyar Chicago Cubs har ya ɓuya daga idon duniya shekara da shekaru, ƙwallo ce ta nufo kujerarsa ya miƙa hannu kamar yadda kowa zai yi. Shi aka tsine masa, waɗannan da suka kama mutum kuma ana neman ɗaukar hoto da su. Ina adalcin?

Tsakani da Allah, abin da ya sa nake son wasan nan shi ne kusancin. Ɗan kallo yana zaune dab da fili, ƙwallo in ta faɗo wajenka taka ce, ka tafi da ita gida, ɗan wasa ma da kansa yakan jefa wa yara. Amana ce ke riƙe da wannan. Ranar da 'yan wasa suka fara tsoron matsowa jikin katanga, raga za a ƙara shingewa, kowa ya yi asara saboda mutum biyu. Shi ya sa da aka hana ƙartin nan biyu shiga wasa na biyar, aka ba wani yaro mai fama da ciwon daji da iyalansa kujerun, na ce daidai. Da MLB, hukumar babbar gasar besbol ɗin, ta haramta musu shiga dukkan filayenta sai baba ta gani, na ce an ma yi jinkiri.

Kuma wasa na biyar ɗin ai kun gani. Yankees na gaba 5-0, ɗan wasansu Aaron Judge ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a hannu, mai jefa musu ƙwallo Gerrit Cole ya tsaya kallo bai ruga ya tsare tudun farko ba, Dodgers suka ɗauke kofi da 7-6. Wataƙila da an bar ƙartin nan a filin, da sun taya Judge riƙewa.