Matasa, ku daina yi wa ƙuri'ar ɗan Majalisar Wakilai kallon gyara

'Yan uwana matasa, ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake miƙa muku: ta shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai. Ta ukun nan yawancinmu dangwala ta muke yi "sak", ko sunan ɗan takarar ba mu sani ba, alhali shekara huɗu zai yi yana magana da yawunmu a Abuja.

Kujeru 360 ne a majalisar, an raba su bisa yawan jama'a: Kano 24, Legas 24, Kaduna 16, Katsina 15, Abuja 2 kacal. Kowace mazaɓa mutum ɗaya take turawa, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya ci, ko da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Tun 2018 ɗan shekara 25 zai iya tsayawa, muddin ya yi karatun sakandare kuma jam'iyya ta tsayar da shi. A nan gizo ke saƙa. Mu muna jiran ranar zaɓe, 'yan jam'iyya kuwa sun gama ciniki tun a zaɓen fidda gwani. Wanda ba shi da katin jam'iyya, bai taɓa zuwa taron mazaɓarsa ba, abin da aka dafa shi zai ci.

In ka ga maguɗi a rumfa, surutu a Facebook ba ya dawo da kujera. Kwana 21 ɗan takara ke da su bayan sanar da sakamako ya shigar da ƙara, kuma shari'ar a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Don haka ku tsaya a ƙirga a gabanku, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ku ɗauki hoton takardar sakamako.

Bayan rantsuwa mambobin ne ke zaɓen kakaki a tsakaninsu; a Yunin 2023 Tajudeen Abbas na Zariya ya samu ƙuri'a 353. Amma ainihin aiki a kwamitoci yake. Can ake tankaɗe ƙuduri bayan karatu na biyu, a kira jin ra'ayin jama'a, a tuhumi ministoci kan kasafin kuɗi. Ku tambayi wakilinku kwamitin da yake ciki da abin da ya tsinana a can. Rabon babura da buhun shinkafa ba aikin majalisa ba ne, ko da yake shi muka fi yi wa tafi.

Tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zaman aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba dalili, kujerarsa na iya salwanta. Kiranye ma yana nan, sai dai da wuya: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.