Kuskure Ɗaya A Littafi 11

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da ƴan'uwana malamai da ɗalibaina na nan Gadarif, a ƙasar Sudan.

Daren jiya bayan isha'i na zauna duba aikin gida na ƴan aji shida, abin da yaranmu ke kira wajib. An ɗauke wuta, da fitilar waya nake haskawa. Littafin farko, yaro ya raba 84 gida 7 ya samu 13, alhali 12 ne. Ban damu ba, ɗan Adam ajizi ne. Na buɗe na biyu, 13. Na uku ma haka. Littafi 11 na ƙirga da wannan kuskure guda, har wurin da na farkon ya soke lamba ya sake rubutawa, su ma sun soke sun sake. Wallahi sai na ajiye jan biro na yi tagumi.

Ƴaƴana, ku saurare ni da kunnen basira. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin, ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ku ƴan Gadarif ne, garin riɗi da dawa, kun san sunan da ake kiran wanda ya zuba ƙasa a gindin buhu ya rufe da tsabar riɗi ya kai kasuwa. To littafin da ka miƙo mini da amsar wani a ciki, buhun nan ne. Ka sa mai kyau a sama, ka ɓoye mini inda yake jiƙe, ni kuwa wurin jiƙaƙƙen nake nema don in shanya maka shi.

Na san abin da ya same ku. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe makarantu, ajujuwa suka zama masaukin bayin Allah da suka gudo daga Hartum, daga baya kuma daga garin Madani. Yayyenku da ya kamata su zauna jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, a 2023 ba su samu zama ba sai ƙarshen Disamba 2024. Wanda ya yi fiye da shekara bai riƙe biro ba, in ya manta rabawa, babu mai ganin laifinsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rufe ramin da tabarma.

A cikin littattafan nan akwai na wata yarinya, bangonsa duk warin hayaƙin murhu. Tambaya 10 na bayar, ta yi 4, biyu daidai biyu kuskure, a ƙasa ta rubuta da ƙananan haruffa: "Ustaz, daga nan ban gane ba." Wannan layin ya fi mini shafukan nan 11 daraja, domin yanzu na san daga inda zan kamo hannunta. Allah Ya yi mata albarka. A Suratun Najmi Ubangiji Ya ce mutum ba shi da komai sai abin da ya aikata, kuma aikinsa za a nuna masa. Aikinta ta kawo.

Mu ma malamai kada mu zame. Albashi ba ya zuwa a kan kari, in ya zo ba ya kai mu tsakiyar wata, kowa ya sani. Amma ayar da ta ce bone ya tabbata ga masu tauye mudu ba ƴan kasuwa kaɗai take kallo ba. Maki awo ne. Malamin da ya bi littafi 50 da jan biro yana ta zabga alamar daidai bai karanta ko layi ɗaya ba, ya tauye. Wanda ya ƙara wa ɗan aminin babansa maki 5 ya hana ɗan mai tura ruwa, ya tauye. Ni kaina akwai makon da gajiya ta sa na sa hannu ban duba ba, kuma ina kyautata zaton daga nan yaran suka gane cewa kwafa ba ta da mai kamawa. Ina roƙon Allah gafara a kan wannan.

Sai shirun aji. In na ce "kun gane?" a amsa da baki ɗaya, in na ce wani ya fito allo kowa ya sunkuyar da kai. Wasu kunyar Larabcinsu suke ji, tunda Hausa muke yi a gida. Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya ce mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi, Nana A'isha kuwa ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ka ɗaga hannu ka tambaye ni da Hausa, zan amsa maka da Hausa, sannan mu mayar da shi Larabci tare.

Iyaye, na san riɗi in ya nuna ba ya jira, in an yi sakaci ya fashe ya zube a gona, kuma ana bukatar hannun yaro. Ku aiko ku gaya mini, zan ɗaga masa ƙafa. Amma in ya dawo ku ce ya buɗe littafin a gabanku ya bayyana muku abin da ya rubuta, ko da ba ku iya karatun ba. A halwa, wato makarantar allo, ba a barin almajiri ya wanke allo sai ya biya a gaban malam, haka aka yi mana duka.

Gobe in Allah Ya kai mu ba zan kira sunan kowa a cikin su 11 ɗin ba, ba kuma zan ɗauki bulala ba. Zan raba tsabar dawa 84 a kan teburi, su kasa ta kashi 7 da hannunsu, kowa ya ƙirga abin da ke gabansa.