Ba da yaƙi Amurka ta karɓi Texas ba

Mutane da yawa sun ɗauka Amurka ce ta yaƙi Meziko ta ƙwace Texas. Ba haka aka yi ba. Baƙin da suka kwararo daga Amurka, da wasu 'yan yankin, su suka yi wa Meziko bore, har kwamandansu Sam Houston ya murƙushe rundunar Santa Anna, shugaban Meziko, a San Jacinto cikin Afrilun 1836. Texas ta zauna ƙasa mai cin gashin kanta kusan shekara goma. Ta nemi shiga Amurka tun farko, amma 'yan siyasar arewacin Amurka ba sa son ƙarin jiha mai bayi, ga kuma tsoron tsokanar Meziko. Sai Disamban 1845 aka karɓe ta. Yaƙin Amurka da Meziko kuwa a 1846 ya ɓarke.