Do, does, did: ɗan dakon da ake koyar da shi a baibai

Ina da ƙorafi kan yadda ake koyar da do, does da did. Malami zai zana jadawali a allo: he, she da it su ɗauki does, saura su ɗauki do, in abu ya wuce a sa did. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, bayan shekaru ya turo maka saƙo da "Did you saw my message?" Ni ban ga laifin ƙwaƙwalwarsa ba. Jadawali aka ba shi, ba a gaya masa aikin da kalmar take yi ba.

Aikin nata kuwa ɗaya ne tak, dako. A jimlar Turanci, aikatau ne ke ɗauke da lokaci a jikinsa: "She works" yanzu, "She worked" a da. To amma Turancin yau yana da taurin kai a wuri biyu. Aikatau gama-gari ba ya yarda a manna masa not, kuma ba ya tsallake mai aikin ya dawo farkon jimla don a yi tambaya. Irin su can da will da is ne kawai ke da wannan gata, shi ya sa ake cewa "Can she work?" amma ba a cewa "Works she?" Idan babu ɗaya daga cikin masu gatan a jimla, sai a kira do ya karɓi kayan. Harafin s ɗin da ke wutsiyar works ya koma kansa ya zama does, alamar shuɗaɗɗen lokaci ta koma kansa ya zama did, aikatau ya tsaya hannu rabbana: "Does she work?", "She did not work." Kaya ɗaya ne, mutum biyu ba sa ɗaukarsa a lokaci guda. Nan kuskuren "did you saw" da "he doesn't knows" yake.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan cikin minti biyar. Mu ma ba a jikin aikatau muke rataye lokaci ba. Ya tafi, zai tafi, bai tafi ba: "tafi" yana nan yadda yake, ƴar kalmar da ke gabansa ce ke sauyawa. Da malami zai ce did a tambaya da korewa kusan aikin "ya" da "bai" yake yi, da an huta da rabin jan biro.

Kuma kada wani ya ɗauka haka Turanci ya sauko. Turawan ƙarni na 16 suna cewa "I know not" da "Know you him?" ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, kamar yadda Jamusanci yake juya aikatau gaba har gobe. Wani masanin harshe ɗan Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi tsoffin rubuce-rubuce yana ƙirga do, ya fitar da bincikensa a 1953. Ya nuna yadda kalmar ta yaɗu sosai a ƙarni na 16, har ta ɗan yi tashe a jimlolin da ba tambaya ba ne ba korewa ba, sannan ta ja baya a can ta kafu a inda muka san ta yau. Masana na jayayya kan asalinta, wasu na ganin tasirin harsunan Keltik irin na Wales da Cornwall ne. Ko ma dai mene ne, harsuna kaɗan ne a duniya ke tilasta irin wannan ɗan dako, don haka wanda ya sha wahala a kansa ba daƙiƙi ba ne.

Da zarar ka gane dakon, abubuwan da ake kira "keɓantattu" sai su daina zama sihiri. Me ya sa ake cewa "Who called you?" babu did, amma "Who did you call?" da shi? A ta farko who shi ne mai aikin, yana zaune a gurbinsa, babu abin da aka juya. A ta biyu you ne mai aikin, tilas wani ya sha gabansa. Me ya sa "Do you are ready?" ba ta zauna ba? Domin are na cikin masu gata, yana ɗaukar kayansa da kansa. Sai dai a umarni, nan kam ko be sai ya nemi taimako: "Don't be late."

Akwai kuma do na jaddadawa, wanda ɗalibai ke tsoro don an ce musu ba ya shiga jimlar tabbatarwa. Aka ce ba ka biya ba, ka ce "I did pay", kana danna murya a kan did. Daidai yake da "ai na biya" mai ɗan zafi. Haka gajeriyar amsa: "Yes, I do", do ya tsaya a madadin dukan maganar.

Inda nake so a kula sosai shi ne tambayar korewa. Aka ce maka "Didn't you see him?" kuma ba ka gan shi ba, harshenmu zai ja ka ka ce e, wato haka ne, ban gan shi ba. Bature in ya ji "yes" zai ɗauka ka gan shi. Amsar ita ce "No, I didn't." Wannan ya fi "did you saw" haɗari, domin wancan kowa ya fahimci nufinka, wannan kuwa ma'anar ce ta kife.

Malamai, don Allah kafin ku zana jadawalin nan gobe, ku rubuta "He goes" da "Does he go?" a allo, ku tambayi ajin ina es ɗin ya tafi. Ku ba su lokaci su nemo shi da kansu.