Su dawo su ga abin da ya faru bayan sun tafi

Na karanta labarin nan da ke cewa masu ba da tallafi sun fara zama suna nazarin kurakuransu kafin su sake raba kuɗi. Madalla, amma da wa za su yi zaman? Ni daga Tawa nake, kuma mun ga furoje iri-iri.

A ƙauyenmu wata ƙungiya ta haƙa mana rijiyar burtsatse. Aka yi biki, aka ɗauki hoto. Famfon bai cika shekara biyu ba ya lalace, kayan gyaransa babu su ko a kasuwar Tawa. Ba wanda ya dawo ya tambaya. Na tabbata a rahotonsu an rubuta nasara, mata kuwa sun koma tsohuwar rijiya da guga.

Ku duba Ilela, nan cikin jihar Tawa. A ƙarshen shekarun 1980 wani furoje ya kai manoman Ilela zuwa Yatenga ta Burkina, suka ga ramukan shuka da ake kira zai da idonsu. Da suka dawo suka gwada a fako, ƙasar da kowa ya fid da rai da ita, ana zuba taki a rami, ruwa ya tsaya, gero ya fito. Tassa, wato sunan ramukan nan a wajenmu, ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci har aka riƙa sayen fakon. Masu furojen sun ga abin da manoma suka karɓa, suka juya akalar aikinsu can.

Don Allah, masu kuɗin nan, ku ware wani abu na komowa bayan shekara biyar. Kuma ƙaramar ƙungiyar da ta faɗa muku gaskiya cewa aikinta bai yi ba, kada ku yanke mata tallafi, don tsoron haka ne ya sa kowa ke ɓoyewa.