Keken da Ba Ya Shan Giya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, babur ɗina ya shiga takaba a zaure. Albashin malamin firamare ba ya ɗaukar tuwo da fetur a lokaci guda, dole ɗaya ya haƙura. Da na ga tafiyar ƙasa tana neman cinye min takalmi, sai na ce bari in koma wa keke, abin da rabona da shi tun ina sakandare.

Akwai wani bawan Allah a nan Birnin Kebbi da ke kawo kekuna 'yan Kwatano. A cikin jerin kayansa na hango wani baƙi siriri, ba kariya, ba tarkacen wayoyi, birki ɗaya tal na gaba. Na ɗaga shi da hannu ɗaya kamar buta. Kuɗinsa kuma bai kai na sauran ba. Mai kayan ya ce wata uku ke nan yana ajiye, ko tayawa ba a yi ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi dalili. Ni kuwa na ce rabona ne ya tsare shi.

A hanyar gida muka fara sanin juna. Duk keken da na sani, in ka gaji sai ka tsayar da ƙafa, ya ci gaba da gangarawa yana ɗan kukansa tik-tik-tik. Wannan ina tsayar da ƙafa sai feda ta cilla ni sama, saura ƙiris in bar sirdi. Na kai wa mai gyara. Ya kifa shi, ya zuba baƙin mai, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce, "Malam, firin ga ya cije." Firi kuwa shi ne ƙarfen nan na tayar baya da ke barin keke ya gangara ko ka tsayar da ƙafa. Mai gyara ya kwance, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago. "A'a, bai cije ba. Babu shi ne ɗungurungum."

Ɗan yayata ne ya warware min. Yana karatu a jami'ar tarayya da ke hanyar Kalgo, kuma yana da nasa keken tsere mai giya, wanda yake gogewa fiye da yadda yake goge takalminsa. Ya ce, "Kawu, lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera shi. Haƙoran baya a ɗaure suke da taya, in taya na juyawa dole feda ta juya. Irinsa ake tsere da su a filin keke mai zagaye, kamar wanda aka gina a Abuja don wasannin Afirka na 2003." Ya sa ni na durƙusa muka ƙirga haƙora kamar masu sayen rago. Na gaba 48, na baya 16. Wato duk zagayen feda ɗaya taya ta juya sau uku, sama da mita shida. Nasa kuwa in ya sa giyar hawa, 34 ne gaba, 32 baya, zagaye ɗaya mita biyu da 'yan kai. Ya ƙara da cewa ko a babban tseren Faransa da aka fara a 1903, sai a 1937 aka yarda a sauya giya ana cikin tafiya. Kafin nan sai mutum ya sauka a gindin dutse ya kwance tayar baya ya juya ta.

Nan na samu abin riƙewa. Na ce, "To ka ji! Mazan jiya sun hau duwatsu ba giya. Ni malamin makaranta me ya haɗa ni da giya? Ban sha ba, kekena ma ba ya sha." Ya fara cewa su ma masu hawan tudu da irinsa a Ingila sai sun sauya haƙoran sun sa masu sauƙi, amma lokacin ina can ina dariyar maganata, ban ji ƙarshen tasa ba.

Sai ga suna a gidan surukaina, wani ƙauye gaba da Kalgo, a bisa irin jajayen tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ke kallon fadama. Uwargida da yara sun riga mu tafiya a mota tun jajibiri. Na fito da farar shadda, wando mai faɗin ƙafa, hula ta sha kari. Ɗan yayata da za mu tafi tare ya dube ni ya ce, "Kawu, ka cusa ƙafar wandon cikin safa." Na ce gidan surukai za ni, ba faretin 'yan dokan En'e ba.

A kan kwalta na ba shi kashi, wannan kam a rubuta. Sai da na riƙa waiwayowa ina tambayarsa ko giyar ce ta bugar da shi.

Muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya. Tudun nan na sha hawansa a babur, ban taɓa sanin yana da tsayi ba. Farkonsa da daɗi, na shige shi da gudu. Can sai feda ta fara nauyi, kamar ana ɗura mata yashi. Na miƙe tsaye. Na danna da dama, na jira, na danna da hagu, na jira. Na fara karkace-karkace daga wannan gefe zuwa wancan kamar macijin da aka daka wa sanda. Tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin taya, zuciyata tana bugawa a cikin kunnuwana, hula ta gangaro ta rufe min ido ɗaya, kuma babu hannun gyara ta. Sai na ji ƙyat-ƙyat a bayana. Ɗan yayata ne, zaune daram a sirdi, ƙafafunsa na juyawa kamar tela ana gobe Sallah. Ya wuce ni a hankali, har da "Sannu, Kawu."

Daidai wata sabara feda ta tsaya a sama ta ƙi sauka. Na ɗora mata nauyina duka, da na shadda, da na tuwon da na ci da safe. Muka tsaya cik ni da keke, ba gaba ba baya, har na samu lokacin tunanin wane gefe ya fi taushi. Ban gama zaɓa ba muka kwanta.

Ina kakkaɓe jar ƙasa sai ga wani dattijo yana tura tsohon Raleigh da buhu biyu a kariya. Ya tsaya ya dubi kekena, ya dube ni. Ya ce, "Sannu Malam. Shekara arba'in ina bin wanga tudu, ban taɓa hawanai bisa keke ba. Ko jaki nan yaka hutawa." Haka muka ƙarasa tare muna turi, kuma in faɗi gaskiya, shi da buhunansa ne a gaba.

A wajen suna na wanke fuska, na ci tuwon shinkafa, ƙarfi ya dawo, baki ya buɗe. Ana ta mamakin wai daga Birnin Kebbi a keke, ni kuma ina cewa ai ba wani abu ba ne, sabo ne. Wani yaro ya buɗe baki zai ce ya gan ni ina turi, na miƙa masa ƙashin nama.

Da la'asar surukina ya ce sai ya taka mana. Shi da ƙannensa biyu da tarin yara suka rako mu har bakin gangara. Na durƙusa na yi sallama, "Baba, a koma haka nan." Na hau cikin natsuwa, don a ga irin mijin da 'yarsu ta samu.

Duk wahalar da na sha da safe, ban taɓa kawo wa raina cewa saukar ce babbar jarrabawa ba. Keke ya ɗauki gudu, feda ta ɗauki gudu, gwiwoyina suna zuwa har kusa da haɓa. Na taɓa birkin gaba, taya ta yi wani zamiya a kan tsakuwa, na sake shi da sauri. Sai ƙafafuna suka kuɓuce. Na ware su gefe da gefe kamar mai tsallake kwata, feda na juyawa a tsakani kamar injin markaɗe. Na yi ƙoƙarin mayar da ƙafar dama, ta sakar min duka biyu a ƙwauri. A karo na uku ne sarƙa ta cafke ƙafar wando.

Keke mai firi in ya kama maka wando, ka tsayar da ƙafa a sasanta. Wannan ba ya sasanci. Na ji yana naɗewa, na ji ɓaaar, na ji tazuge ya tsinke, na ji iska inda iska ba ta saba zuwa ba. Tayar baya ta cije, muka yi ja da gefe, muka zube cikin yashin gindin tudu inda ƙarangiya ta yi gari guda.

Da na ɗago kai, yara sun riga sun iso rabin gangara suna ihu. Surukina kuwa, Allah ya saka masa da alheri, ya juya baya yana nuna wa ƙannensa wani abu a sararin sama, a watan da ko gajimare babu. Ɗan yayata ya iso yana ta taka birkinsa biyu a hankali, ya cire rigarsa ya rufa min, bai ce uffan ba. Da ya yi dariya ma da ya fi min sauƙi.

Wani yaro aka aiko da wando a ninke cikin leda, na surukina, wanda ya tsaya min a ƙwauri daidai inda feda ta yi aikinta. Ɗan kabu-kabu ya kawo ni gida, keke a kan cinyata, kuma abin da na biya shi ya isa in zuba wa babur ɗina man zuwa da dawowa.

Yanzu su biyu ne a zaure, babur da keke, suna takaba tare. Wandon yana cikin akwati, an wanke an goge, na rasa fuskar mayarwa. Makon jiya uwargida ta dawo daga ƙauye ta ce Baba yana gaishe ni, ya ce in riƙe wandon ya bar min, amma in zan zo gaisuwar Sallah in faɗa da wuri, zai turo amalanke ta jira ni a gindin tudu.