Ba a wasan ƙarshe Akron Pros ta ci kofin 1920 ba

Mutane da yawa na zaton tun fil azal da wasan ƙarshe ake fitar da zakara a ƙwallon zari-ruga na Amurka. A'a, Super Bowl, wasan ƙarshe na babbar gasar NFL, sai a 1967 aka fara shi.

A 1920, lokacin gasar na amsa sunan APFA, kowace ƙungiya ita ke nemo wa kanta abokan karawa, adadin wasanninsu ma bai zo ɗaya ba. Akron Pros ta jihar Ohayo ta ci takwas, ta yi canjaras uku, ba wanda ya doke ta. Cikin gwanayenta akwai Fritz Pollard, baƙar fata, a zamanin da wariya ke da ƙarfi, kuma abin a jinjina masa ne. Sai a Afrilun 1921 shugabannin ƙungiyoyi suka zauna suka kaɗa ƙuri'a suka ba ta kambun, duk da ƙorafin ƙungiyoyin Buffalo da Decatur.